Haƙorin da Maigandi Wanzami Bai Cire Ba

Maigandi wanzami, Allah ya jiƙansa, mutumin Magarya ne, amma in ka ce ɗan hanya ne ba ka yi masa ƙarya ba. Laraba tana riskarsa a kasuwar Achida, Lahadi a Goronyo, sauran kwanakin kuma duk inda aka yi haihuwa ko aka tara suma tsakanin Wurno da Rabah. Dogo ne siriri mai ɗan doro, da zabira a kafaɗa wadda tsufa ya mayar baƙa, da wani keke da ƙararsa ke riga shi yin sallama. Aski ya gada wurin mahaifinsa, da ƙaho, da sakiya, wato huda kumburi da ƙarfe mai zafi. Amma abin da ya fitar da sunansa wani ɗan awartaki ne da wani maƙerin Wurno ya ƙera masa, wanda yake naɗewa cikin jan tsumma. Da shi yake cire haƙori, kuma hannunsa akwai sauri. Kafin mutum ya gama tsorata an gama.

Lokacin ƙuruciyarsa aikin awartakin nan ba shi da yawa. Turamen tsofaffi ne da goro ya cinye, sai jefi-jefi na mace mai goyo. Yaro ba ya zuwa wurinsa da haƙori, don ƙasar wancan zamanin rairayi ce da laka. In yaro ya faɗi, tashi yake ya kakkaɓe riga ya bi 'yan'uwansa.

Sai aka zo gina dam a Goronyo. Maigandi bai taɓa gajiya da ba da labarin shekarun nan ba, har jikokinsa suka haddace. Manyan motoci masu tayar da ta fi shi tsawo, leburori daga ko'ina, harsunan da bai taɓa ji ba. Ya shimfiɗa tabarmarsa gindin wata tsamiya kusa da masaukin ma'aikata, yana aski tun hantsi har la'asar ba ya ɗaga kai. Ya aske Bazabarme, ya aske Bayarabe, har wani farin mutum mai jan gemu ya taɓa miƙa masa wuya, suka rabu ba wanda ya ji abin da ɗaya ya faɗa. Bayan wasu shekaru ruwa ya fara bin hanyoyin siminti da aka yi masa, waɗanda mutane ke kira kanal. Ranin farko da Maigandi ya tsaya kan tudu ya ga fadama kore shar, alkama nan, albasa can, tafarnuwa da shinkafa, alhali ko ɗigon ruwan sama babu, cire hularsa ya yi ya riƙe a hannu. Ya ce bai san abin da ya sa ba.

Ruwan ya zo da arziki, ba mai musun wannan. Amma ya zo da siminti, kuma siminti bai san yaro ba. Yara suka mayar da kanal wurin wanka da tsere. Gefensa akwai gansakuka mai santsi, ƙafa ta zame, baki ya daki kankare. Kullum kuma haƙorin gaba ne na sama ke shan dukan, sabon nan da ya fito bayan famfara, babba fari mai ɗan zara-zara a baki. Ya ɓalgace, ciwo ya lafa, a manta. Bayan 'yan watanni ya dushe, ƙurji ya fito a dasashi, a kawo wa Maigandi.

Shi kuwa yana da dabararsa. Yaro ya zo yana datse baki yana kuka, sai Maigandi ya durƙusa ya yi masa murmushi ya ce, "Buɗe, ɗana. Wani na nan tahe, ya hi wanga kyawo." Yaron da bai daɗe da ganin haƙoran nono sun zube wasu sun fito ba, me zai hana shi yarda? Ya buɗe. Maigandi ya san sarai cewa haƙorin girma sau ɗaya ake ba mutum. Bai ɗauki maganar a kan ƙarya ba, ya ɗauke ta cikin kayan aiki, kamar ruwan ɗumin da yake ba su su kurkure. Iyaye ma sun sani, su ke riƙe hannun yaron.

Haka ya yi shekara da shekaru, har kansa ya yi furfura, har aka haifa masa jika mai suna Habi, ɗiyar 'yarsa Mairama. Cikin jikokinsa duka ita ce ta raina shi, don haka ita ce ya fi so. Yana kiranta uwargida, yana cewa ta bar shi da yunwa. Ita kuma ta ce ba ta auren tsohon da kekensa ke tari. In ya dawo kasuwa ita ke tarbarsa ta sa hannu aljihunsa ba izini.

Tana da shekara takwas, wani rani, aka aike ta kai wa babanta abinci gonar albasa. Ta bi gefen kanal da gudu kamar yadda kowane yaro ke yi. Kwanon tuwo ya tafi cikin ruwa, ita kuma ta dawo gida da leɓe a kumbure da haƙorin gaba a ɓalgace. Sauran labarin Maigandi ya san shi tun kafin ya faru. Wata uku haƙorin ya dushe. Ƙurji ya fito. Ya yi masa sakiya da allura mai zafi, ya tafi, ya dawo. Ya sake, ya sake dawowa. Ya sa kanumfari, bai yi komai ba. Habi ta daina shan rake, ta koma tauna da gefe ɗaya.

Wata safiya ya kwance jan tsumma. Aka kife turmi a tsakar gida, Habi ta hau ta zauna tana kaɗa ƙafa. Ba ta ji tsoro ba ko kaɗan, ai shi ya cire mata na nono da yatsunsa bara waccan, kuma ga sababbi sun fito kamar yadda ya faɗa. Ya ɗaga haɓarta, ya kawo awartaki. Ta riƙe hannunsa ta ce, "Kaka, wanga ma wani na hitowa, ko?"

Maganar tana kan harshensa. Ya faɗe ta sau ɗari ga 'ya'yan mutane ba tare da ya ji komai ba. Ran nan ta ƙi fita. Ya dubi idon yarinyar, ya ga ta yarda da shi tun kafin ya amsa, kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba.

"Ruhe bakinki," ya ce.

Mairama da ke tsaye da ƙoƙon ruwan ɗumi ta ce, "Baba, lahiya? Mi anka yi?"

"Ba a yi komi ba. Hannuna na yau ba daidai yake ba."

Ya naɗe awartakinsa, ya hau keke, ya nufi inda bai taɓa zaton ƙafarsa za ta taka da buƙata ba. A ɗakin shan magani na garin akwai wata ma'aikaciyar jinya, Justina, mutuniyar Zuru, wadda ta zo tana budurwa lokacin da aka fara noman rani ta tsufa a nan. Shekara talatin suna faɗa. Duk wanda ya je mata da dasashi yana zubar jini, sai ta aiko wa Maigandi da saƙo mai zafi, shi kuma ya ce a gaya mata allurarta ba ta taɓa aske kowa ba. Da ta gan shi bakin ƙofa ta sauke tabarau ta ce, "Malam Maigandi, ko dai ka ɓata hanya?"

Ya haɗiye maganar, ya faɗa mata abin da ke tafe da shi. A yi mata adalci, dariyar da ta yi ba ta wuce ta minti ɗaya ba. Ta ce akwai wani likitan haƙori a babban asibiti a Sakkwato da ya dawo daga ƙarin karatu, ta ji yana ƙoƙarin raya irin waɗannan haƙoran maimakon cirewa. Ba ta san yadda yake yi ba, ba ta kuma yi alkawarin komai ba. Ta rubuta takarda ta ba shi, ta ƙara da cewa ya bar zabirarsa gida.

Motar da suka samu ta Mode ce, wani direba ɗan Wurno mai yawan raha, magidanci da 'ya'ya huɗu. Ya gane Maigandi tun daga nesa, ya ba shi gidan gaba shi da Habi. Sun wuce Achida kaɗan sai Mode ya waiwayo ya wage baki, ga giɓi a gaba da ɗan yatsa zai wuce. Ya ce, "Baba, ka tuna da ni? Shekara ashirin ke nan ina jiran wanda kac ce yana tahe. Ko motarshi ta lalace hanya?"

Mota ta ɗauki dariya. Mode ba da zafi ya faɗa ba, tsokana ce ta ɗa da uba. Maigandi ya yi ƙoƙarin murmusawa bai iya ba. Har suka shiga gari yana kallon gonaki ta taga, yana tuno fuskokin yaran da suka zauna gabansa, wasu da sunayensu, wasu sai rigar da suka sa.

Likitan sunansa Ephraim, ɗan Filato, matashi mai sanyin magana, Hausarsa irin ta Jos. Ya ɗauki hoton cikin haƙorin da na'ura, ya ɗaga shi ga haske, zai fara bayani. Maigandi ya matso ya ƙura ido ya ce, "Gindinai bai ƙulle ba. Buɗe shike kamar bakin bututu, bangon kuma ba shi da kauri, kamar ɓawon ƙwai. In ka matsa da ƙarhi sai shi hwashe."

Likita ya sauke hoton ya dube shi. "Baba, a ina ka koyi wannan?"

"Na ɗebe irinai da yawa," in ji Maigandi. Bai faɗa da alfahari ba.

Daga nan likita ya yi masa magana kamar abokin sana'a. Ya ce haƙori in ya fito bai gama ginuwa ba, saiwarsa tana ci gaba da tsawo da kauri har shekara biyu ko uku. Mai ginin kuwa shi ne ɗan naman nan da ke cikinsa, mai jijiya da jini, wanda Maigandi ke kira ɓargo. Faɗuwar da Habi ta yi ta kashe ɓargon, gini ya tsaya a rabi, ƙazanta ta shiga. A da sai dai a cire, ko a cika ramin da magani a bar haƙori da siririn bango, wata rana ya karye. Yanzu ana gwada wani abu, a share cikin tas, a ba jiki dama ya sake shuka nama a ciki. Wani lokaci yana yi, wani lokaci ba ya yi.

Ranar farko ya kashe wurin da allura, ya huda haƙorin ta baya, ya wanke cikinsa ya sake wankewa, ya zuba magani ya toshe. Ya ce su dawo bayan mako huɗu. Kafin mako biyu ƙurjin da ya gagari sakiya ya ɓace. Maigandi ya duba dasashin ya sake dubawa.

Zuwa na biyu ne ya girgiza shi. Likita ya bar shi ya tsaya kusa. Ya buɗe, ya wanke maganin, ya busar. Sannan ya ɗauki wani siririn tsinke ya zura har ya wuce ƙarshen saiwar, ya ɗan sosa da gangan. Jini ya taso a hankali ya cika ramin. Maigandi ya jira ya ga an tsotse shi. Likita ya naɗe hannu yana kallon agogo.

Duk abin da Maigandi ya sani a duniya ya tsaya kan abu ɗaya ne, jinin da ya kwanta mataccen jini ne, fitar da shi ake yi. Don haka aka yi ƙaho, don haka aka yi tsaga. Ya kasa daurewa ya ce, "Likita, ba ka share shi? Daskarewa za ya yi."

"Shi nake jira, Baba. A can ƙarshen saiwar akwai sauran iri masu rai, waɗanda suka fara ginin. Jinin nan ne zai ɗauko su ya shigo da su. In ya daskare ya zama musu wurin kamawa."

Maigandi ya juya maganar a ransa. Can ya ce, "Wato ka buɗe ƙohwa ruwa ya shiga fangalin albasa."

"Kusan haka ne."

Likita ya rufe jinin da wani farin magani mai kama da ƙasa, ya liƙe, ya gyara inda ya ɓalgace. Aka kulle jini cikin haƙorin jikarsa yana tsaye yana kallo, bai hana ba. A hanyar gida Habi ta yi barci a kafaɗarsa, shi kuma yana ta tambayar kansa ko ya yi hauka ne.

Jiran ya fi komai wuya. Haƙorin ya ƙara yin duhu kaɗan, likita ya ce maganin ne ke sa haka, amma idon wanzami abu ɗaya yake gani in ya ga duhu. Yara a makaranta suka sa wa Habi suna. Wanzamai 'yan'uwansa a kasuwa suka samu abin yi, wai mai ɗebe wa duniya haƙori ya kai na jikarsa a yi masa tsimin jini. Bayan wata uku aka koma, hoto bai nuna wani abin kirki ba. Likita ya ɗora auduga mai sanyi ƙarara a kan haƙorin ya tambayi Habi ko ta ji. Ta ce ba ta ji komai ba.

Mairama ta same shi zaure ta durƙusa ta ce, "Baba, don Allah ka ɗebe shi mu huta. Hanyag ga ba ta da kwanciyar rai yanzu, kuma ɗiyag ga kullum da kuka take dawowa makaranta."

Gaskiya ta faɗa, kuma awartakin yana nan cikin zabira, aikin ƙiftawar ido ne. Ya ce, "Mairama, in na ɗebe, babu maidawa. In na bari, gobe ma ana iya ɗebewa. Ki yi hanƙuri."

Kowace safiya sai ya kira Habi da sunan faɗa, ya ce uwargida ta zo ta nuna masa bakin da take zaginsa da shi, ya ɗaga leɓen ya duba dasashi. Ta gane dabarar tun ranar farko, amma ta bar shi. A kasuwa kuma ya daina taɓa haƙorin gaba na yaro. Duk wanda aka kawo sai ya ce a kai wa Justina ta rubuta takarda. Wasu iyayen suka ji. Da yawa kuwa suka ja hannun yaron zuwa ɗaya gefen kasuwa wurin wani wanzamin, su dawo ta gabansa yaro na tofar da jini. Wannan ya ci masa rai, kuma ba yadda ya iya.

Wata shida, hoto ya nuna ƙashin da ƙurji ya ci ya cike. Shekara ɗaya, bangon saiwar ya fara kauri, Maigandi da kansa ya nuna wurin da farce kafin likita ya yi magana. Amma auduga mai sanyi har yanzu shiru. Likita ya ce kada ya damu, wasu ba sa dawo da ji har abada, kuma haƙorin ya zauna lafiya. Maigandi ya gyaɗa kai don ladabi. A ransa kuwa haƙorin da bai san sanyi ba turke ne kawai aka kafa a baki, shi rai yake nema.

Zuwan da suka yi bayan wata ashirin shi ne na ƙarshe da ya taka Sakkwato. Daminar da ta biyo baya ƙafa ta kwantar da shi, bai ƙara hawa keke ba, kafin wata daminar an kai shi makwancinsa a Magarya. Habi yanzu ta zama budurwa. Haƙorin yana nan, ya ɗan fi ɗan'uwansa duhu, in tana dariya ba ta sa hannu a baki.

A wancan zuwan likita ya ɗaga hoto, ga saiwa ta yi tsawo, bakinta ya tsuke ya kusa haɗewa. Ya ɗauko audugarsa kamar kullum, ba tare da wani sa rai ba, ya ɗora. Habi ta zabura ta janye kai, ta yamutsa fuska, ta ce, "Kaka, da zahi. Har cikin kaina."

Likita ya jira, ya gwada na kusa da shi, ya dawo ya sake ɗorawa. Ta sake zabura. Ya ajiye audugar ya miƙa wa Maigandi hannu. Tsohon ya riƙe hannun da nasa biyu, bakinsa na motsi, ba abin da ya fito sai hamdala. Murna ce ta cika shi.

Da motarsu ta tsaya Achida sauke fasinja, rana tsaka, ya hango mai sayar da ƙanƙarar zoɓo a leda. Mutumin da bai taɓa yarda yaro ya sha ƙanƙara ba, wai tana kawo mura, ya leƙa ta taga ya sayi biyu. Ya miƙa wa Habi ɗaya ya ce ta ɗora a kan haƙorin. Ta ɗora, ta runtse ido ta ja iska.

"Kin jiya?"

"Na jiya, Kaka."

Mota ta tashi. Ba su yi nisa ba ya ce, "Sake."

"Kaka, ciwo fa shikai."

"Na sani, uwargida. Sake ɗai, in gani."

Ta harare shi, ta ɗora, ta yamutsa fuska. Yana dariya hawaye na bin gemunsa, tasa ƙanƙarar tana narkewa a hannu tana ɗiga kan rigarsa ta zuwa birni, bai ko lura ba.